Walƙiya Ta Zaɓi Boris

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da kowa ke kira Walƙiya. Ba shi ne sunanta na gaskiya ba. Ummanta ce ta laƙaba mata shi, kuma ya bi ta. In an aike ta, kafin a rufe baki ta kai bakin ƙofa. Sau da yawa sai ta dawo tana haki, ta ce, "Umma, me ma kika ce in sayo?"

Walƙiya tana da keke. Ba irin dogon nan da ake ɗora wa kaya ba. Gajere ne, mai kaurin taya, irin wanda ake kira BMX. Na yayanta ne. Da zai tafi makarantar kwana ya bar mata shi. Fentin ya koɗe, sirdin ya sha ɗinki, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabanta.

Abin da ta fi iyawa da keken nan shi ne tsalle. Takan taho a guje, ta hau katakon da aka jingina, ta tashi sama, ta dira a kan ƙafar baya. Tun tana faɗuwa har ta daina.

A makarantarsu akwai ƙungiyar masu keke. Malamin wasanni ne ya kafa ta. Wasu yara tsere suke yi, wasu tsalle. Ranar Asabar mai zuwa za a yi wasannin ƙarshen zango, iyaye duk za su zo kallo. Yara uku kaɗai Malam ya zaɓa su yi tsalle a gaban jama'a, kuma Walƙiya ce ta ukun. Wata uku ta yi tana koyo kafin ta sami wannan wuri. Ba ta da wani buri da ya wuce ranar.

To, amma 'yan ƙungiyar suna da wani wasa nasu na daban, wanda ba Malam ya koya musu ba. In an fita hutu sai su taru a bayan aji. Kowa ya kifar da kekensa, ƙafafu a sama. Sai ya buga feda da hannu ta juya baya, bugu ɗaya tak. Sauran su yi ta ƙirga zagaye nawa za ta yi kafin ta tsaya. Wanda fedarsa ta fi daɗewa tana juyi shi ne sarkin ranar.

Babu kyauta a wasan, babu komai. Amma ka san yara.

Kullum wani yaro da ake kira Dogo ne ke cinyewa. Shi ɗan tsere ne. Fedarsa takan yi zagaye tara. Ta Walƙiya kuwa, in ta yi uku sai ta tsaya cak.

"Keken nan naki ya tsufa," in ji wani yaro. "Ki saya masa sanda ya riƙa dogarawa."

Aka yi dariya. Walƙiya ta yi yaƙe, amma abin ya yi mata ciwo.

Ta tambayi Dogo, "Wai me ka sa wa naka?"

"Boris ne a ciki," ya ce. "Keken da bushin ya zo. Ko wata bai yi ba Abbana ya sa aka canza, saboda tsere."

Walƙiya ba ta san mene ne bushin ba. Boris ɗin ma sunansa kawai ta sani. Amma daga ranar ta ƙudurta a ranta cewa boris take so.

Ranar Litinin da yamma, tana dawowa gida, ta ji bayan keken yana wani ƙas-ƙas. Ta sauka ta taɓa ɗan haƙorin da sarƙa ke ja. Sai ta ji yana girgiɗi. Ta ruga wurin Abba.

Abba ya duba ya ce, "Wannan ba aikina ba ne. Taho mu je wurin Baba Mai Giris."

Baba Mai Giris tsoho ne mai gyaran keke a ƙarshen layinsu. Rumfarsa ƙarama ce. Tsofaffin tayoyi suna rataye a jikin bango. Gwangwanaye suna jere a kan katako, wannan na notina, wancan na kusoshi. A gefe ga bahon ruwa na neman huji a taya, ga benci mai ƙafa uku da bulo ɗaya.

Suka gaisa. Tsohon ya kifar da keken, ya ɗauki sifana ya kwance ƙafar baya. Ana cikin haka wayar Abba ta yi ƙara. Ya fita waje yana magana, ya bar su su biyu.

"Matso ki gani, jikata," in ji Baba Mai Giris. "Wannan ita ce cibiyar ƙafar baya. Wannan sandar ƙarfen ita ke ratsa ta. Ɗan haƙorin nan a kan sandar yake juyawa. To, ƙarfe da ƙarfe ba sa zaman lafiya. Dole a sa wani abu a tsakaninsu."

Ya zaro wani abu kamar guntun bututu. Ya siɗe, ya yi siriri.

"Ga bushin ɗinki. Ya yi aiki ya gaji. Sai a sa sabo."

Ya buɗe wani gwangwani ya fito da abubuwa biyu. Ya ɗora su a tafin hannunsa. Ɗaya sabon bushin ne, fari, sumul, babu wani abin kallo a jikinsa. Ɗayan kuwa zobe ne na ƙarfe mai ƙyalli. Tsohon ya murza shi da yatsa, ya yi ta juyawa.

Idon Walƙiya ya kafe a kansa.

"Wannan shi ne boris," ya ce. "Ya fi santsi, ya fi gudu. Amma a cikinsa akwai 'yan ƙwallayen ƙarfe, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na wannan wurin ƙanana ne ƙwarai. In ana dira a kansu kullum, fashewa suke yi. Shi kuwa bushin ba shi da 'ya'ya, babu abin da zai fashe. Yana son giris a kai a kai, kuma bai kai boris santsi ba. Amma yana shan duka."

Ya dube ta ta saman tabarau.

"Ni ba na zaɓa wa mutum sai na tambaye shi. Likita ba ya ba da magani sai ya ji ciwo. Me kike yi da keken nan?"

Walƙiya ta leƙa waje. Abba yana can ya juya baya, waya a kunne. Ta tuna zagaye tara na Dogo. Ta tuna maganar sanda.

"Makaranta kawai nake zuwa da shi," ta ce. "Sai ɗan tsere."

"Ba kya tsalle?"

"A'a, Baba."

Tsohon ya shafa jikin keken, inda fenti ya ƙuƙƙuje. "Waɗannan tabon fa?"

"Tun na Yaya ne."

Wasu daga ciki na Yaya ne, gaskiya. Amma yawancinsu nata ne, kuma ta sani.

"To, shi ke nan," in ji Baba Mai Giris. "Mai tsere boris ya dace da shi."

Ya sa mata boris, ya ɗaure komai tsaf. Da Abba ya dawo an gama. Suka yi godiya suka tafi. A hanya keken yana tafiya sumul. Walƙiya ta ji wani abu yana ɗan sukar ta a zuciya, amma ta yi kamar ba ta ji ba.

Ranar Talata da aka fita hutu, ita ta fara kifar da kekenta. Ta buga feda. Yara suka shiga ƙirga.

"Bakwai, takwas, tara, goma, sha ɗaya."

Aka yi ta tafi. Yaron da ya yi maganar sanda ya kau da kai. Walƙiya ta ji kamar an ɗora ta a kan rufin makaranta.

Dogo ya zo ya durƙusa ya duba. "Kin cinye ni," ya ce. "Boris kika sa ke nan. Amma ba ke tsalle kike yi ba?"

"Ina ruwanka? Baƙin ciki kake yi."

Dogo ya ɗaga kafaɗa ya tafi.

Ranar Laraba aka yi gwajin tsalle. Ta tashi ta dira fiye da sau goma. Wajen ƙarshe ta fara jin wani ɗan ƙara a baya, kamar mutum na tauna yashi. Ta ce a ranta ƙura ce ta shiga. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Alhamis ita ce gwajin ƙarshe. Malam ya jera katako uku, kowanne ya fi na bayansa tsawo. Yara biyun farko suka wuce lafiya. Sai Walƙiya.

Ta haye na farko. Ta haye na biyu. Ta taka da ƙarfi ta nufi na uku, ta tashi sama sosai. Tana dira sai ta ji ƙaras. Ta taka feda, feda ta ƙi motsi. Ƙafarta ta zame, kan keken ya juya. Sai ga ta a ƙasa.

Malam ya zo da gudu. Ya ɗaga ta ya zaunar. Hular kwano ta kare kanta, amma gwiwa da gwiwar hannu sun ƙuje. Ya wanke ciwon ya sa magani. Maganin ya yi zafi, amma ba shi ya sa ta hawaye ba.

Malam ya ɗaga keken ya gwada feda. Ko gezau.

"Walƙiya," ya ce, "ba zan bar ki ki hau wannan a gaban jama'a ba. Yau ƙujewa ce, gobe ba mu san me zai faru ba. Ki kai a gyara. Gobe Juma'a da ƙarfe huɗu ki kawo mini in gwada da kaina. In bai gyaru ba, zan ba wani wurinki."

"To, Malam," ta ce, murya can ƙasa.

Ta tura keken har gida. Yau babu sauri. Umma ta hango ta tun daga nesa tana ɗingishi.

"Yau kuma walƙiyar ta zama hawainiya? Me ya same ki?"

Umma ta duba ciwon ta ce da sauƙi. Amma da Abba ya ga keken, sai ransa ya ɓaci.

"Gyaran kwana uku?" ya ce. "Kwana uku kacal abu ya fashe, har ya kayar mini da yarinya? Na ɗauka tsohon nan ba ya ha'inci. Ashe jabun kaya ya sa mana. Ɗauko keken mu je."

Walƙiya ta ɗauko keken. Tun daga gida har ƙarshen layi tana so ta yi magana, maganar ta ƙi fita.

A rumfar akwai mutum biyu suna jiran gyara. Abba ya yi sallama a taƙaice, ya ajiye keken.

"Baba, dubi aikinka. Dubi gwiwar yarinyar nan. Shekara nawa muna kawo maka gyara? Haka za ka yi mana?"

Mutanen biyu suka dubi juna. Ɗaya ya ɗan ja kekensa baya.

Baba Mai Giris ya kifar da keken. Ya kwance ƙafar, ya zare ɗan haƙorin da ƙyar. Ya karkata shi a tafin hannunsa. Gutsattsarin ƙarfe suka zubo, baƙaƙe. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya dubi Walƙiya sau ɗaya, ya mayar da kansa ƙasa.

"Ka yi haƙuri, ɗana," ya ce wa Abba. "Wataƙila idona ne ya fara rauni. Tsufa ba ya sallama."

Walƙiya ta gane ya sani. Ya san tsalle ne ya fasa boris ɗin. Amma ya zaɓi ya ɗauki laifin, don kada ya tona mata asiri a gaban mutane. Wannan ya fi mata duka ciwo.

"Ba idonsa ba ne," ta ce.

Kowa ya juyo.

"Abba, ba laifinsa ba ne. Ya tambaye ni ko ina tsalle, na ce a'a. Ya gaya mini boris zai fashe. Ni ce na yi masa ƙarya, don fedata ta fi ta Dogo juyi."

Ta fashe da kuka.

Abba ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Baba, na yi maka rashin kunya a gaban mutane, ban bincika ba. Don Allah ka yafe mini."

"Babu komai. Uba ne kai, ka ga jini a jikin 'yarka."

Walƙiya ta durƙusa duk da ciwon gwiwa. "Baba, ka yafe mini."

"Tashi, jikata, kada ki fama ciwon. Na yafe. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kin gani da idonki. Amma faɗin gaskiya a gaban mutane ba ƙaramin abu ba ne. Manya da yawa ba sa iyawa."

Ta share hawaye. "To, za ka sa mini bushin ɗin yanzu?"

Tsohon ya girgiza kai. "Anan gizo ke saƙa. Guda ɗaya ne da ni mai wannan girman. Jiya wani ya zo na sa masa. Sabbi sai mako mai zuwa. Ga shi kuma gutsattsarin nan sun karce sandar. Ko an sami bushin, in ba a goge ta ba, cinye shi za ta yi."

"Gobe da ƙarfe huɗu Malam zai gwada keken."

"To, mu yi abin da ke hannunmu. Zauna."

Ya miƙo mata gwangwanin kananzir da tsohon buroshi. Ya nuna mata yadda za ta wanke cikin ɗan haƙorin, ta tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ya ba ta takarda mai yashi, mai laushi. Ya nuna mata yadda za ta naɗe ta a jikin sandar ta riƙa murzawa a hankali.

Ta fara da sauri, yadda ta saba.

"A'a," ya ce. "Sauri ya haifi nawa. In kin ci ƙarfen da yawa, sandar ta tashi aiki. A hankali."

Ta rage. Ta goga, ta shafa da yatsa, ta sake gogawa. Hannunta ya yi baƙi ƙirin. Ba ta taɓa zama wuri ɗaya haka ba tun da aka haife ta. Abba kuwa ya zaga shaguna uku neman bushin. Ya dawo hannu rabbana.

Kafin rana ta faɗi sandar ta yi sumul. Tsohon ya shafa ya gyaɗa kai. Suka bar keken a rumfar suka tafi gida.

Washegari da aka fita hutu, yara suka taru a bayan aji kamar kullum. Walƙiya ta zauna ita kaɗai a kan dakali. Dogo ya bar kekensa a kife ya zo.

"Yaya gwiwar?"

"Da sauƙi." Sannan ta ce, "Dogo, ka yi haƙuri da abin da na ce maka. Gaskiya ka gaya mini."

Ta ba shi labari duka, ba ta rage komai ba. Har maganar bushin da aka rasa.

Dogo ya yi ɗan tunani. "Wanda aka cire daga nawa yana nan. Yana cikin akwatin kayan aikin Abbana. Cibiyarmu iri ɗaya ce, na duba ranar Talata."

Walƙiya ta miƙe tsaye. "Za ka ba ni? Bayan abin da na ce maka?"

"Me zan yi da shi? Miya zan sa?" ya ce. "Amma sai na tambayi Abbana. Gidanmu da nisa, kuma sai ƙarfe biyu ake tashi. Ki jira ni a rumfar."

Ana tashi Walƙiya ta wuce rumfar Baba Mai Giris. Ta zauna a kan benci. Ƙarfe biyu da rabi ta yi. Ƙarfe uku ta yi. Ta leƙa hanya ya fi sau ashirin.

"Zauna, za ki huda mini ƙasa," in ji tsohon.

Uku da kwata sai ga Dogo ya shawo kwana. Ya kwanta a kan kekensa, yana taka feda kamar ana bin sa. Ya ja birki a bakin rumfar, gumi sharkaf. Ya ciro wani ƙulli na takarda daga aljihu.

"Sai da na bi Abbana wurin aiki na karɓo makulli," ya ce yana haki.

Baba Mai Giris ya kwance ƙullin. Ya ɗaga bushin ɗin ya duba a haske. Ya zura shi a sandar, ya juya. Ya shiga daidai, babu girgiɗi.

"Sabo ne fil," ya ce. "Kin ga yaron nan? Shi boris ya dace da shi. Ba don santsin kekensa ba, da yanzu yana hanya. Kowane da ranarsa."

Ya miƙo wa Walƙiya gwangwanin giris. "Ke za ki shafa. Kaɗan, ko'ina ya samu. Duk bayan mako biyu ki zo mu buɗe ki sake. In kin kula da shi, zai kula da ke."

Ta shafa a hankali. Tsohon ya mayar da komai, ya ja sarƙa, ya ɗaure notina. Ya girgiza ƙafar da ƙarfi, ba ta motsa ba.

Saura minti goma ƙarfe huɗu suka isa makaranta, ita da Dogo. Malam yana tsaye a bakin fili yana duba agogo. Ya karɓi keken. Ya murza feda, ya girgiza ƙafar baya, ya gwada birki. Har hawa ya yi, gwiwoyinsa suna neman taɓa haɓarsa. Dogo ya toshe baki don kada ya yi dariya.

"Keken lafiya lau," in ji Malam. "Gwiwar fa?"

"Za ta iya, Malam."

"Nuna mini."

Ta haye katako ukun ɗaya bayan ɗaya. Ta dira babu ƙara.

"Gobe da ƙarfe goma," ya ce. "Kada ki makara."

Ranar Asabar fili ya cika. Iyaye sun zauna a kan kujeru a ƙarƙashin rumfa. Aka fara da tsere, Dogo ya zo na ɗaya. Walƙiya ta yi masa tafi har tafinta ya yi ja.

Sai aka kira masu tsalle. Da layi ya zo kanta, ta ɗaure hular kwano. Ta hango Umma da Abba a layi na biyu. Kusa da Abba ga Baba Mai Giris. Abba ne ya je har rumfa ya gayyato shi.

Malam ya busa usur.

Ta taka. Na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. Ta tunkari na uku, wanda ya kayar da ita. Ta ƙara ƙarfi, ta tashi. Na ɗan lokaci ba ta jin komai sai iska. Sannan ƙafar baya ta taɓa ƙasa, dim. Ta taka feda. Feda ta amsa.

Fili ya kaure da tafi. Umma, wadda ta rufe ido da mayafi tun daga katako na farko, sai yanzu ta buɗe.

Malam ya kira yaran uku gaba. Yana riƙe da lasifika. Ya tambayi kowanne abin da yake so ya faɗa wa iyaye. Na farko ya ce ya gode. Na biyu kunya ta hana shi magana. Aka miƙa wa Walƙiya.

Ta karɓa.

"Ni da ban yi tsallen nan ba yau," ta ce. "Na yi wa mai gyaran kekenmu ƙarya, kekena ya lalace. Har aka ɗora masa laifi, ya yi shiru don ya rufa mini asiri. Ya yafe mini, ya gyara mini. Ga shi can a zaune. Dogo kuma ya ba ni abin da na rasa, alhali na yi masa baƙar magana. Na gode musu. Na gode wa Malam da ya jira ni."

Mutane suka juya suna neman tsohon. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya cire tabarau yana ta gogewa da bakin riga. Abba ya kama hannunsa ya ɗaga sama. Tafin da aka yi masa ya fi na masu tsalle duka.

Da aka tashi, suka taho gida tare a ƙafa. Walƙiya tana tura keken a tsakaninsu.

"Jikata," in ji Baba Mai Giris, "shekara arba'in ina wannan aiki, ba a taɓa yi mini tafi ba sai yau. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baba."

Abba ya dafa kanta. "To, me kika koya?"

Walƙiya ba ta yi saurin amsawa ba. Ta yi tunani tukuna.

"In na je neman taimako wurin wanda ya sani, in gaya masa gaskiya," ta ce. "Ƙaryata ba ni kaɗai ta kayar ba, ta kusa ɓata sunan mutumin kirki. Kuma in zaɓi abin da ya dace da aikina, ba abin da zai burge mutane ba."

"Haka ne," in ji Abba. "Ni ma na koyi nawa. Ba zan sake ɗora wa mutum laifi ba sai na bincika."

Suka raka tsohon har ƙofar rumfarsa. Walƙiya ta sake yi masa godiya, sannan suka wuce gida.